Lafiyata ƙalau ranar da aka gano sankara a huhuna

Shekarata 63 yanzu, kuma huhuna na dama ba cikakke ba ne. A ƙarshen 2023 likitoci suka yanke sashensa na sama a asibitin Wythenshawe da ke Manchesta, saboda sankarar da aka gano a ciki. Duk wanda na ba wa labarin, abin da yake fara tambaya shi ne, "Alhaji, me ka soma ji a jikinka?" Ban ji komai ba. Ba tari, ba haki, ba ciwon ƙirji, ba rama. Ina cin tuwona, ina fita aiki, ina hawa benen masallacinmu ban tsaya hutawa a tsakiya ba. Na lura wannan amsar ce mutanenmu suka fi kasa haɗiyewa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance.

A Tudun Wadan Kaduna aka haife ni. Ina kusan shekara 18 na sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da in an tashi aiki sai ka ga titi ya cika da kekuna ba masaka tsinke. A can na koyi taba. Aikin dare ne, injin yana ta ƙara, barci yana fizgar mutum, sai babban da ke kusa da kai ya miƙo maka guntun da ya rage a hannunsa. Daga guntu aka koma kara ɗaya wajen mai tebur a bakin ƙofa, daga kara ɗaya aka koma kwali. Ba wanda ya ce mana tana kisa. Abin da muka sani kawai shi ne abin kunya ce. Ba ka sha a gaban mahaifinka ko sa'ansa, ba ka shiga gida sai ka wanke baki ka tauna goro ko ka jefa TomTom, in kuma aka zo binciken aurenka to abokanka sun san amsar da za su bayar. Haka muka taso: tabar tana nan, maganarta ce babu.

Da masaƙu suka fara durƙushewa na shiga fafutukar fita, Allah ya sa na sauka Ingila a tsakiyar shekarun 1990. Na yi gadi, na yi aikin sito, daga baya na koma tuƙin tasi. A nan in ka zo sai ka yi rajista da likitan unguwa, shi ne ƙofarka ta shiga duk wani asibiti. Ranar da na je, wata nas ta auna tsawona da nauyina, ta tambaye ni ko ina shan taba. Na dube ta, Baturiya ce dattijuwa, ba ta san kowa a Tudun Wada ba, ba ta san surukaina ba. Na ce ina sha. Ta tambayi kara nawa a rana, na faɗa mata, ta rubuta, aka wuce wurin. Wannan layi ɗaya da ta rubuta shi ne ya zauna a kwamfuta kusan shekara 30 yana jirana.

Na daina a 2011, shekarar da na yi niyyar sauke farali. Kafin nan ma abin ya fara isata, don tun 2007 aka hana shan taba a wuraren aiki da duk inda jama'a ke taruwa a rufe, har cikin tasin da nake tuƙawa, sai dai mutum ya tsaya a waje cikin sanyi yana rawar ɗari. Da filastar nikotin da cingam ɗinsa da addu'a na rabu da ita. Na dawo daga Makka na zama Alhaji, gemu ya yi fari, ana sa ni a sahun gaba wajen ɗaurin aure. A raina magana ta mutu. Uwargida kaɗai ta san tarihin, ita ma ba ta taɓa tayar da shi ba.

A farkon 2023 wasiƙa ta zo daga hukumar lafiya ta NHS. 'Yata ta fari ce ke buɗe mini takardu, don Turancin ofis yana gajiyar da ni. Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka Mamana nake ce mata. Ta karanta, ta yi shiru, ta sake karantawa.

"Baba, ina jin sun yi kuskure. Sun ce suna gayyatarka duba lafiyar huhu, wai don takardunka sun nuna kana shan taba ko ka taɓa sha."

Uwarta tana kicin, na ji ta daina motsa cokali.

Na ce, "Mamana, ba kuskure ba ne."

Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan takardar. Yarinya ce mai kunya, ba ta tambayi yaushe ko yaya ba. Cewa kawai ta yi, "To Baba, ranar Talata suka ba ka. In kai ka?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ta kai ni.

Ba don wasiƙar kaɗai na amsa da sauri ba. Yayana ne ya faɗo mini a rai.

Yaya ya girme ni da shekara biyar, direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Legas da Arewa, kuma shi bai taɓa dainawa ba. Wajen 2015 ya fara tari. Aka sha maganin tari na kemis, aka sha zuma da citta, tari yana nan. Da aka je asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga inuwa, aka ce tarin fuka ne. Gwajin kakinsa bai nuna ƙwayar cutar ba, amma aka ce hoton ya isa, aka ɗora shi kan maganin wata shida. Ban ga laifin likitan ba har cikin raina. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, likitan da ke ganin masu tari daga safe har yamma, da yawansu tibi ne, wato tarin fuka, dole nan hankalinsa zai fara zuwa. Yaya ya shanye maganin nan tas, bai tsallake rana ba, don mutum ne mai bin doka in ya ga dama. Yana sha yana ramewa. Muryarsa ta dishe, har in na kira shi a waya sai na matse wayar a kunne kafin in ji. Sai da ya fara tofar da jini, kafaɗarsa ta hana shi barci, sannan aka tura shi babban asibiti aka yi masa siti-sikan, hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla. Ciwon ya riga ya kama hanta da ƙashi. Kuɗin da na tura na magani, rabinsu a sadakar uku da ta bakwai aka kashe su. Ban samu jana'izarsa ba.

To wannan ne a cikin kaina ranar Talatar.

Wurin da aka ce mu je ba asibiti ba ne. Filin ajiye motoci ne na wani babban kanti, an jera manyan tireloli a gefe, mutane suna tura kekunan sayayya suna wucewa abinsu. A Manchesta aka fara gwada wannan dabara a 2016, aka kai na'urar unguwannin talakawa inda aka fi shan taba kuma aka fi ƙin zuwa asibiti. Da aka ga ta yi aiki sai aka faɗaɗa, har gwamnati ta sanar a watan Yunin 2023 cewa za a game Ingila duka da shirin, ga duk mai shekara 55 zuwa 74 da yake sha ko ya taɓa sha. Ni na yaba wa wanda ya yi tunanin tirelar. Da asibiti aka ce, da na san dattawa da yawa da za su ce sai wani satin.

A ciki wata nas ta zaunar da ni ta shiga tambayoyi. Shekara nawa na fara, kara nawa a rana, yaushe na daina. Ko na taɓa aiki da asbesto, wani kayan gini mai ƙurar da ke cutar da huhu. Ko an taɓa ce mini ina da ciwon huhu mai hana numfashi, ko na taɓa yin namoniya, ko wata sankara. Da ta zo kan ko akwai wanda ya yi sankarar huhu a gidanmu, na ce yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ɗan dakata, ta ce Allah ya ji ƙansa a irin tasu hanyar, ta shigar. Lissafin nasu mai sauƙi ne: kwali ɗaya mai kara 20 a kowace rana har shekara guda, shi ne awo ɗaya. Ni da na yi shekara 30 da ɗoriya ina shan wajen kara 15, awona ya haura 20. Kwamfuta ta haɗa wannan da shekaruna da maganar Yaya, ta fitar da cewa ina cikin waɗanda ya kamata a yi wa hoto. Na ce mata ai na daina tun shekara 12 da suka wuce. Ta ce dainawar ta rage haɗarin sosai, kuma yana ci gaba da raguwa, amma bai koma daidai da na wanda bai taɓa sha ba.

Hoton kansa ba wani abu ba ne. Na cire jaket saboda zif, na kwanta kan siririn gado, na miƙa hannuwa sama da kai. Gadon ya shige cikin na'urar, murya ta ce in ja numfashi in riƙe, na riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ta ce in saki. Ba allura, ba zafi, ba a hana ni cin abinci ba. Hasken da ake amfani da shi ma an rage masa ƙarfi, bai kai rubu'in na siti-sikan ɗin ƙirji da aka saba yi ba. Kafin Mamana ta gama sayen albasa da tumatir na fito.

Bayan 'yan makonni takarda ta zo: an ga wani ɗan ƙulli a saman huhun dama, yawancin irinsa ba sankara ba ne, a dawo bayan wata uku a sake dubawa. Wata ukun nan su ne mafi nauyi a duk labarin, sun fi tiyatar. Ba ka da ciwo, ba ka kuma da lafiya. In na yi tari sau ɗaya saboda yaji, sai in ga uwargida ta ajiye abin da take yi. Ni kuwa na kama wata igiya na riƙe: tun ina yaro na zauna ɗaki ɗaya da wani kawunmu mai tarin fuka, kuma an ce mini tsohon tabon tibi yakan fito a hoto kamar haka, musamman ga mu da muka taso a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Na ce wa kaina tabo ne. Azumi ya zo a tsakanin, na yi shi cikakke, na yi tahajjud ɗin da ban taɓa yin irinsa ba.

Dalilin jiran, kamar yadda aka yi mini bayani daga baya, shi ne tabo ba ya girma, sankara kuwa tana girma. Da za a soka wa duk mai ɗan ƙulli allura a ƙirji, da an wahalar da mutane da yawa a banza, wasu ma a ji musu ciwo. Sai a bari lokaci ya yi alƙalanci. Nawa ya girma.

Likitar da ta gaya mini ta juyo da allon kwamfutar wajena, ta jera hotunan biyu. Huhu baƙi ne a hoton, da 'yan fararen jijiyoyi. Ta sa kan biro a wani farin ɗigo mai ɗan gashi-gashi a gefe, bai fi ƙwayar wake ba. Na ce, "Wannan ɗin?" Ta ce shi. Na tambaye ta ta yaya abu zai zauna a ƙirjina yana girma ban ji ba. Ta ce naman huhu ba shi da jijiyar jin zafi. Ƙari yana iya yin shekaru a ciki shiru. Sai ya toshe hanyar iska, ko ya taɓa fatar da ta lulluɓe huhun, ko ya fasa jijiyar jini, ko ya yi ƙaura zuwa ƙashi da ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya ji. Wato ranar da Yaya ya fara tari, ciwonsa ya daɗe da yin nisa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Aka yi mini gwajin hura iska don a ga ko abin da zai rage na huhun zai riƙe ni. Aka yi wani hoton da suke kira fet-sikan, inda ake hana ka abinci na wasu awoyi, a yi maka allurar wani sukari mai haske, ka kwanta shiru, don ƙwayoyin sankara sun fi sauran jiki haɗamar sukari, sai su haska a hoton. Wuri ɗaya ne ya haska. Aka kashe mini gefen ƙirji aka zura allura ta tsakanin haƙarƙari aka ɗebo ɗan nama. Sakamako ya ce adinokasinoma, irin da ta fi yawa a sankarar huhu. Aka ba ni zaɓi tsakanin tiyata da gashi da haske mai ƙarfi, aka ce tunda jikina zai ɗauka, tiyata ta fi. Na yi istihara, na sa hannu.

Sai maganar sanar da gida. A wurinmu in ka ce kansa, wato sankara, kamar ka ce a fara haƙa. Ƙanwata da ke Rigasa ta fashe da kuka a waya tun ban ƙarasa ba, tana cewa, "Yaya, irin ta Yaya Babba ce? Shi ke nan an gama da mu." Na ce mata irinta ce, amma ba a lokaci ɗaya aka kama su ba. Ba ta ji ni ba. Cikin sati biyu saƙo ya iso ta hannun wani mai zuwa: zuma, habbatus sauda, garin wasu saiwoyi da ban san su ba, da rubutu a gora. Wani ɗan'uwa ya turo murya ta WhatsApp yana roƙona kada in bari a sa mini wuƙa, wai sankara in ta ji ƙarfe bazuwa take yi. Na san inda wannan magana ta samo asali. Mutanen da aka yi wa aiki a gida yawanci an kai su ne bayan ciwon ya riga ya bazu, aka buɗe, aka rufe, suka rasu, sai laifin ya hau kan wuƙa. Zumar na sha, rubutun ma na sha da bismillah. Saiwoyin na nuna wa nas ɗina, ta roƙe ni in ajiye su, don ba a san yadda za su yi da maganin barci da na tsinka jini ba. Na ajiye.

Ba a tsaga ƙirjina ba. Ƙananan ƙofofi aka yi a gefe, aka zura kyamara da kayan aiki. Huhun dama sassa uku ne, na hagu biyu. Na saman daman aka cire ɗungurungum, tare da 'yan kaluluwar da ke kusa don a duba ko ciwon ya taɓa su. Na farka da roba a haƙarƙarina tana zuba cikin wani akwati a gefen gado. Washegari wata yarinya mai koyar da motsa jiki, ba ta kai Mamana ba, ta zo ta ce in tashi mu taka. Na ce mata 'yata, jiya fa aka yanka ni. Ta yi dariya ta ɗauki akwatin ta ce mu je. Tari shi ne azaba, kuma dole ka yi shi don kada majina ta kwanta. Sai ka rungume filo a gefen ka runtse ido. Sallah a zaune na yi ta, da taimama a kwanakin farko. Ban cika sati ba aka sallame ni.

Da aka gama binciken naman da aka cire, aka ce mataki na 1 ne, wato farkon ciwon tun bai bazu ba, kaluluwar duk lafiya, ba sai na yi kemo ba, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Za a riƙa yi mini hoto lokaci-lokaci har shekara biyar. Uwargida ta yi sujada a nan cikin ofishin likitan, a kan tayil, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Bayan na warware sai na zama mai yawan tambaya, kuma Mamana ta taya ni karatu. Sankarar huhu ce ta fi kowace sankara kisa a duniya, wajen mutum miliyan 1.8 a 2022 kaɗai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 taba ce sanadi. Wanda aka kama tasa a mataki na 1, fiye da rabi suna kaiwa shekara biyar da rai. A mataki na 4 kuwa, wajen biyar ne cikin ɗari. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hoton ƙirji na yau da kullum, wanda muke ɗauka shi ne ƙarshen bincike, an gwada shi an ga ba ya rage mutuwa, don ƙananan ƙulli suna ɓuya bayan haƙarƙari da zuciya. Wani babban bincike a Amurka, mai mutum fiye da 53,000, shi ya nuna a 2011 cewa siti-sikan mai raunin haske ya rage mace-macen da kashi 20 cikin 100 idan aka gwada da hoton ƙirji. Wani da aka yi a Holan da Beljiyam ya fito a 2020 da kashi 24 a tsakanin maza. A shirin Ingila, kusan uku cikin huɗu na sankarar da ake ganowa a mataki na 1 ko na 2 suke, alhali a wajen shirin ba su kai ɗaya cikin uku ba. 'Yan'uwanmu na Amurka, irin mutanen zango da suka cika Bronx, nasu sharaɗin tun 2021 shi ne shekara 50 zuwa 80, awo 20 na taba, kuma mutum yana sha ko bai wuce shekara 15 da dainawa ba. Su duk shekara ake yi, mu nan duk shekara biyu.

Da na koma masallaci na nemi liman ya ba ni minti biyar bayan sallar Juma'a. Na tashi a gaban mutanen da suka san ni da rawani da carbi na ce musu na sha taba shekara 30. Wurin ya yi tsit. Na ba su labarin tirelar. Bayan an watse wani dattijo ɗan Damagaram ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, wannan ai tonon ciwo ne. Mutum yana zaman lafiyarsa ya je a laluba masa? Kwana in ya ƙare ya ƙare." Liman yana kusa, shi ya amsa masa da hadisin cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya ƙara da cewa ajali ba ya hana neman magani, kamar yadda arziki rubutacce bai hana dattijon fitowa kasuwa. Ban sani ba ko ya je.

Amma ba na so in yi wa kowa daɗin baki, don dattijon yana da 'yar gaskiyarsa. Wani abokina Bazazzagi ya je bayan maganata, aka ga ƙulli, ya yi wata da watanni cikin zullumi, hawan jininsa ya tashi, a ƙarshe aka ce ba komai ba ne. Har yau yana yi mini tsiya cewa na rage masa kwana. Akwai kuma waɗanda ake yi wa aiki kan ƙarin da wataƙila da an bar shi ba zai taɓa kashe su ba. Shi ya sa ba kowa ake gayyata ba, sai wanda haɗarinsa ya rinjayi wahalar. Kuma hoto mai kyau ba lasin ci gaba da zuƙa ba ne. A cikin tirelar ma akwai mai taimaka wa masu son dainawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani ne da muka yi gadi tare, sa'ana, wanda na san ya fi ni sha. Ya same ni a mota ya ce shi ba a aiko masa da wasiƙa ba. Na tambaye shi me ya ce wa likitan unguwa ranar rajista. Ya sosa ƙeya. Matarsa ce ta raka shi ranar, ita ta yi masa tafinta, saboda haka a takarda bai taɓa sha ba. Na san irinsa sun fi a ƙirga a cikinmu: wanda ɗansa ya yi masa tafinta, wanda nas ɗin 'yar ƙasarmu ce, wanda ya daina ya ga kamar tuba ta shafe tarihin. Kwamfuta ba ta san wanda ya ɓoye ba, wanda aka rubuta kaɗai take kira. Gyaran ba wuya, waya ɗaya ce zuwa wurin likitan a ce a gyara bayanin. Na zauna kusa da shi ya buga.

Gida kuwa, inda zuciyata ta fi karkata, babu irin wannan shiri na gayyata. Na'urar siti-sikan tana manyan asibitocin koyarwa da wasu wuraren gwaji masu zaman kansu a Kano da Kaduna da Abuja, kuma daga aljihunka za ka biya. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya da sayar wa yaro ƙasa da shekara 18, amma zuwana na ƙarshe na ga mai tebur yana nan yadda na bar shi, an ma ƙara da shisha a hannun samari da 'yan mata. Ga iyayenmu mata da ba su taɓa riƙe sigari ba amma sun ƙare rayuwarsu a kan murhun itace a rufaffen madafi, su ma ciwon yana kama su. Abin da nake gaya wa dangi shi ne abin da da mun sani a kan Yaya: tarin da ya wuce sati biyu a je a gwada kaki, gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. In gwajin bai nuna komai ba, ko an fara magani wata biyu mutum yana ƙara lalacewa, musamman wanda ya haura 50 kuma ya sha taba, to kada a jira wata shida su cika. A buɗe baki a ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ko za a duba sankara?" A kuma gaya masa gaskiyar tabar, ko da za a fitar da 'ya'ya daga ɗakin tukuna. Jini a kaki, dishewar murya da ta ƙi tafiya, ciwon kafaɗa ko ƙirji marar dalili, rama, namoniya mai dawowa wuri ɗaya, duk ba na jira ba ne.

Na koma tuƙi, rabin yini nake yi. In na hau bene da sauri ina jin gurbin abin da aka cire, gefen da aka yi aikin kuma yakan yi mini tsami in sanyi ya shigo. Hotunan da aka yi mini zuwa yanzu ba su nuna komai ba, saura na shekaru masu zuwa.

Ƙaninmu na ƙarshe yana Kaduna, shekararsa 56, makanike ne, kwali guda yake tashi da shi a rana. Na tura masa kuɗin hoton, na haɗa shi da wani likitan ƙirji da zai karanta masa sakamakon ya kuma bi shi in an ga wani abu. Ya ce, "Yaya, ni fa garau nake." Kuɗin ya sayi injin ba da wuta da su. Na sake turawa, wannan karon ta hannun matarsa, kuma ita ta ce ranar Litinin da kanta za ta sa shi a gaba.